Ƙasar da ake ce wa riɗi "goma"

Ranar kasuwar Tasawa da ta wuce na tsaya a rumfar ma'auna ina jiran wana, wanda ya kawo riɗinsa daga ƙauye bisa amalanke. Ina nan tsaye sai ga wata babbar mota ana yi mata lodin buhuna, ƴan dako sun jiƙe sharkaf da gumi, dillali yana ƙirga da alli a jikin ƙofa. Na tambaye shi ina kayan nan za su. Ya ce kudu. Na ce daga kudun fa? Ya ce shi dai in mota ta ƙetare iyaka aikinsa ya ƙare. To, ni kuwa Allah ya nufa na taɓa zaman wata 7 a ɗaya daga cikin ƙasashen da irin waɗannan buhuna suke ƙarewa, shi ya sa filin namu na wannan sati zai yi tafiya mai nisa kafin ya komo Tasawa.

A 2019 ne aka tura ni horon aikin gona a ƙasar Japan, a wani gari mai suna Tsukuba cikin jihar Ibaraki, arewa maso gabas da Tokiyo. Daga Yamai jirgi ya kai mu Santambul, daga can wani ya ɗauke mu awa 11 da ɗoriya kafin mu sauka. Tsakaninmu da su awa 8 ne, watau lokacin da ladan ke kiran azahar a Tasawa su can har an fara rufe ƙofofi za a kwanta. Abin da ya fara ruɗa ni shi ne alƙibla. Mu a nan gabas da alƙibla abu guda ne, har in mutum ya bar salla sai a ce ba ya kallon gabas. Da asubar farko na duba inda gari ke wayewa, na shimfiɗa darduma na kabbarta. Sai da na sallame wani abokin horo, mutumin Indunusiya, ya gaya mini cikin ladabi cewa na bai wa Makka baya. A ƙasar nan yamma ake kallo. Na rama sallata, na kuma san lalle na bar gida.

Jirgin ƙasan da ke haɗa Tsukuba da Tokiyo an buɗe shi a 2005, yana cin kilomita 58 cikin minti 45. In an rubuta ƙarfe 8 da minti 12, to ƙarfe 8 da minti 12 ɗin ne, wanda ya zo da minti 13 sai dai ya hango wutsiyarsa. Duk wanda ya taɓa zama a tashar Mayahi tun hantsi, yaron mota yana rantsuwa cewa saura mutum guda, har rana ta take tsaka mutum gudan bai zo ba, zai gane irin daɗin da na ji. To amma fa a motar Mayahi, kafin ku kai Cadawa ka san ƙauyen kowa, ka san wadda za ta biki da wanda za shi likita, wani ya miƙo maka goro, wata ta ɗora maka ɗanta bisa cinya. A jirginsu kuwa mutum ɗari a tarago guda, amma shiru kamar ana zaman makoki. Ba mai amsa waya, ba mai yi wa wani sannu. Sau da yawa tarago ya cika maƙil, mutane na tsaye, kujerar da ke kusa da ni babu kowa. Wasu abokaina suka ce tsoron baƙar fata ne, wasu suka ce kunya ce, kada baƙo ya yi musu magana da harshen da ba su iya ba. Ni dai na ga alamar duka biyun, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya sosa mini rai fiye da yadda na nuna.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce mai zaman kaɗaici. Sati uku gaisuwarmu ba ta wuce sunkuyar da kai ba. Abin da ya haɗa mu magana shara ce. A can kowace irin shara da ranarta: abin da ke ƙonuwa daban, gwangwani daban, kwalba daban, takarda a ɗaure ta daban. Ni kuwa na tara nawa leda guda na kai waje kamar yadda muka saba. Da yamma na tarar da ledata a bakin ƙofa, tsohuwa na tsaye da wata takarda mai zane-zane, tana nuna mini ranaku da yatsa, tana ta ba ni haƙuri sai ka ce ita ta yi laifin. Tun daga ranar muka saba. In ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Abinci kuwa shi ne babban yaƙi. Musulmi a Japan ba naman alade kaɗai yake tsoro ba, domin shi ana iya ganinsa a ture. Abin tsoro shi ne wanda ba ya ganuwa: romon ƙashin alade da ake dafa taliyarsu ciki, da wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke kira mirin wadda ake ɗigawa a miya kamar yadda matanmu ke jefa magi. Rubutun jikin kaya kuma ba boko ba ne ba ajami ba, ka zama jahili da takardar shaidarka a aljihu. Satin farko da na biyu biredi da ƙwai da ayaba da shayi suka riƙe ni, har sai da na ƙara huda a ɗamarar wandona. Daga baya aka nuna mini kantunan halal na unguwar Shin-Okubo a Tokiyo, inda ƴan Bangaladash da ƴan Pakistan ke sayar da naman rago daskararre, aka kuma kai ni babban masallacin Tokiyo, wanda aka fara ginawa a 1938, Turkawa suka sāke gina shi a 2000. Azumin shekarar ya kama cikin watan Mayu. Alfijir na ketowa tun kafin ƙarfe 3, ana kai wajen awa 16 ba a sha ruwa ba, kuma duk garin ba wanda ya san kana azumi sai kai da Mahaliccinka. Ranar da na fara buɗa baki ni kaɗai da dabino uku da ruwan famfo, na tuna kunun tsamiya da ƙosan da yara ke yawo da su gida-gida a Tasawa, sai da na yi ƙwalla, ni da furfurata.

Ana nan wata rana da safe, bayan salla ƙarama, aka ajiye mana karin kumallo, cikinsa har da wani ɗan akushi na wake mai yauƙi. Abokan horo daga ƙasashe dabam-dabam suka buɗe, suka toshe hanci, suka ture. Ni ina buɗewa sai na ji ƙanshin ɗakin girkin Innata. Daddawa ce! Su natto suke ce mata. Waken suya ake dafawa a rufe shi da ɗumi har ya ruɓa ya yi zare, kuma malaman wurin sun tabbatar mini ƙwayar halittar da ke wannan aiki ita ce dai mai aiki a daddawar kalwa da ta batso. Bambancin kawai, mu muna shanya tamu mu jefa a miya, su kuwa ɗanya suke zuba ta bisa shinkafa su ci da safe. Jihar da na zauna ma ita ce gidan abin, domin Mito babban birninta ya yi suna da natto da ake naɗewa cikin karan shinkafa. Na cinye nawa na haɗa da na maƙwabcina. Masu dafa abincin suka leƙo suna kallona suna tafi.

Da dare na kira gida. Inna ta ce: "Kai ɗan nan, mi kake ci can? An ce mini mutanen nan ɗanyen kihi suka sani." Na ce: "Inna, daddawa suke karyawa da ita." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce: "Su masu ƙera motoci? To mi ya sa matarka ta ce ba ta sa daddawa a miya in za ku yi baƙi?" Ban ba ta amsa ba, na ce layi ba shi da kyau.

Daga nan idona ya buɗe, na fara ganin gida ko'ina. Kuɓewa tana nan, okura suke ce mata, kuma suna son yauƙinta kamar yadda muke so. Malohiya tana nan, har sunan bai sāke ba sosai, moroheiya, domin daga Masar ta je musu, mu da su duka bakin Larabawa muka ara. Awara kuwa abincinsu ce ta kaka da kakanni, tofu suke kiranta, sai dai sun fi cin ta fara ba suya. Ashe ma da hannunsu a tamu: tun ƙarshen shekarun 1980 wani masaninsu mai suna Osamu Nakayama ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan kan yadda za a daskarar da madarar waken suya da abin da mata ke da shi a gida, har da ruwan tumfafiya. Farin magin da ake ƙullawa a leda a kowane tebur daga Korgom har Kanambakashe, Ajinomoto, shi ma nasu ne: wani malaminsu Kikunae Ikeda ya gano sinadarin a 1908 cikin wani ganyen teku, aka fara sayar da shi a 1909. Watau mun daɗe muna ci da su a akushi ɗaya ba mu sani ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne gero. Nasu ba irin namu ba ne, danginsa ne masu ƙananan ƙwayoyi, amma labarinsu ya yi kama da namu. A da shi ne abincin talakan kan duwatsu, farar shinkafa sai mai hali. Da arziki ya zo bayan yaƙin duniya na biyu kowa ya guje shi, ya zama abin kunya. Yau kuwa a ƴan ƙananan ledoji ake sayar da shi, ya fi shinkafa tsada, masu kula da lafiyar jikinsu ke saye suna barbaɗawa cikin tukunya. Na tsaya gaban wannan kanta ina tunanin gidajen ma'aikata na Tasawa da Maraɗi, inda in an yi baƙon kirki sai a ɓoye tuwon gero a dafa shinkafar waje da maka, fura kuma a bar wa ƴan ƙauye. Abin da muke gudu yanzu, su sun guje shi sun dawo suna nema da kuɗi.

Cikin horon aka kai ni kwana 5 gidan wani manomi. Tsoho ne mai shekara 70 da ɗoriya, shi da matarsa kaɗai, ƴaƴansu duk suna birni. Wannan ba baƙon abu ba ne can, galibin manoman ƙasar sun haura shekara 65. A ƙauyen nan na yi kwana 5 ban ji kukan jariri ba, makarantar garin ma an rufe ta don babu yara. Kada mai karatu ya ɗauka komi nasu abin sha'awa ne: na ga gonaki masu ruwa da injuna babu magaji, mu kuwa ga magada babu gona. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ake yi, muka zauna ƙasa bisa tabarma, abin da bai zame mini baƙo ba. Sun riga sun tambayi abin da addinina ya hana, uwar gida ta sayi sabuwar tukunya musamman saboda ni. Na yi shekaru ina jin ana cewa baƙonka annabinka, amma ranar na ga waɗanda ba su san karin maganar ba suna aiki da ita.

Uwar gida ta ɗauko wani kasko mai zane-zane a ciki da ɗan muciya, ta zuba wasu ƙwayoyi soyayyu tana niƙawa. Ƙanshi ya bugi hancina. Na ce mene ne wannan? Ta ce: "Goma." Na yi dariya na ce a harshenmu goma ƙidaya ce, na nuna mata yatsuna duka. Riɗi ne. Ta niƙa shi ta kwaɓa da dafaffen alayyafo, ya zama kwaɗo sak irin wanda ake yi mana da zogale da ƙuliƙuli. Tsohon ya ƙara mini da cewa a harshensu in an ce mutum yana niƙa riɗi, ana nufin bafade ne mai daɗin baki gaban manya. Na ce ashe masu niƙa riɗi ba su da ƙasa, mu ma muna da su buhu-buhu, musamman in zaɓe ya matso.

Na tambaye shi ko a gonarsa ya noma. Ya girgiza kai ya ce riɗi aikin hannu ne, ba mai yinsa yanzu. Gaskiyarsa kuwa. Japan tana cin riɗi a kusan komi, amma abin da take nomawa bai kai kashi 1 cikin 100 na bukatarta ba. Tana sayen tan 150,000 ko fiye duk shekara daga waje, kaso mai yawa daga Afirka, musamman Najeriya da Burkina Faso da Tanzaniya, kuma galibin na Afirka mai ake tatsa da shi. Na ce masa wana yana noma shi a ƙasar Tasawa, na kwatanta masa yadda ake yanke shi tun kwanson bai fashe ba, a ɗaure dami-dami a jingine tsaye har ya bushe, sa'an nan a kifa a kaɗe. Tsohon ya ajiye tsinken cin abincinsa, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma, ya ce in gaya wa wana ya gode. Ban taɓa jin wanda ya gode wa manomin riɗi ba, ko a nan gida.

Da na koma gari na shiga kanti na duba. Ƴar leda mai giram 60 na soyayyen riɗi na saya yen 120. A lokacin yen 1 ta ɗan fi sefa 5, in ka buga lissafi kilo guda ya haura jika 10. Na san akwai kuɗin jirgin ruwa da na tankaɗe da na suya da na leda, ban ce duka riba ce ba. Amma duk wanda ya taɓa sayar da tiya a kaka ya san tazarar ta yi yawa. Abin da ya fi kuɗin ci mini rai shi ne suna. A kasuwar manoman garin kowane ƙullin kabewa ko albasa da sunan wanda ya noma shi a jiki, wani ma har da hotonsa. In kayan sun yi kyau sunansa ne, in sun ɓaci shi za a nema. Namu riɗin kuwa da ya gangara kudu ya faɗa kasuwar Dawanau ta Kano, an juye shi cikin na wasu, ya bi ta Ikko da sunan wata ƙasa. Ba Tasawa, ba Mayahi, ba Nijar. Shi ya sa ranar da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin takunkumin 2023, manomin da bai taɓa ganin teku ba shi ya fara ji a aljihunsa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata manomanmu su sani. Tun watan Mayu na 2006 Japan ta kafa doka mai tsanani kan ragowar maganin ƙwari a abinci. Duk maganin da ba a yanka masa iyaka ta musamman ba, abin da aka yarda da shi kashi 1 ne cikin miliyan 100, watau giram guda cikin tan 100. In an auna an tarar ya wuce, kayan ba su shiga ƙasar. Mu kuwa mun san halinmu: buhun da aka zuba taki ko wake mai magani shi ake kakkaɓewa a zuba riɗi, a jera shi ɗaki guda da waken da aka yayyafa wa fiya-fiya. Wanda ke ganin wasa ne ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda irin wannan magani. Masu saye ba su yin faɗa, ba su ja-in-ja, sai dai kawai su koma wata ƙasa su saya, kai kuwa ka ga farashi ya faɗi ba ka san dalili ba.

Ba mu kaɗai ke zama baƙi a cikinsu ba, su ma sun zauna cikinmu. Matasansu ƴan aikin sa kai sun yi ta zuwa Nijar tun shekarun 1980 har 2011 da matsalar tsaro ta sa aka janye su, kuma wani malamin jami'ar Kiyoto, Shuichi Oyama, ya shafe shekaru yana zuwa ƙauyukan Dogon Dutsi yana gwada raya faƙo da sharar gari. Na tabbata su ma sun sha tasu wahalar da tuwo da zafin bazara, da gaisuwarmu wadda ba ta ƙarewa.

Al'adarsu ce matafiyi ba ya komawa gida hannu sake, kamar dai tsarabarmu. Na sayo wa Inna irin kaskon nan na niƙa, da ƴar ledar riɗin. Ta jujjuya ta, ta farke, ta ɗanɗana, ta ce: "Ka tahi bangon duniya ka sawo mini riɗi, ga shi tukunya guda bayan ɗaki?" Ta ƙara ɗanɗanawa ta ce: "Amma babu ƙasa ciki ko ɗaya." Kaskon yanzu barkono take niƙawa a ciki.

To, wannan shi ne abin da ke raina ranar kasuwa da nake jiran wana. Bana tun kafin kaka na saya masa sababbin buhuna 4 da tamfol na shanya, na roƙe shi ya kaɗe riɗin bisa tamfol, ya sheƙe shi sau biyu, ya raba shi da ɗakin wake. Ya yi duka, matansa suka yi kwana biyu suna sheƙa. Da aka zo awo dillali ya zura hannu, ya yaba, ya biya shi kuɗin tiya daidai da na mutumin da ke bayansa, wanda riɗinsa rabi yashi ne. Sa'an nan a gabanmu aka farke sababbin buhunan aka juye su tsibi guda da na kowa.

Wana ya ƙirga kuɗinsa sau biyu ya sa aljihu. Ya dube ni ya ce: "Malam, ka ce wani tsoho ya gode mini can ƙasar da ka je. Na amsa. Amma baɗi in kana son a sheƙe sau biyu, sai ka zo da mai sayen da zai biya ladan sheƙa." Ya karɓi buhunansa wofi ya naɗe, ya ce za su yi amfanin gero. Motar kuwa ta tashi wajen la'asar, ta ɗauki hanyar Gazawa.

Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.